Keken Mama Ba Tarkace Ba Ne

Adelaide, watan Satumba

Zuwa ga mahaifiyata,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Ina fata hannun yana sauƙi, kuma kina shan maganin yadda likita ya ce, ba yadda kika ga dama ba. Gavin yana gaishe ki.

Mama, tunda kin zare wayar gida daga bango, ta hannu kuma kin jefa ta aljihun tebur, dole na koma takarda da biro. Ba zan yi kwana-kwana ba. Shekarunki saba'in da shida, akwai ƙarfe a kwankwasonki, yanzu ga karaya a wuyan hannu. Da maƙwabciyarki Glenys ba ta leƙo ta kan shinge ba, Allah kaɗai ya san tsawon lokacin da za ki yi kwance a ciyawa da keke a kanki.

Ni da Gavin mun yanke shawara. Ɗakin nan da muka gina a ƙarshen tsakar gidanmu naki ne. Tagarsa tana kallon bishiyar lemo, kanti kusa, asibiti kusa, duk inda kike son zuwa zan kai ki a mota. Keken kuwa, lokaci ya yi da za ki haƙura da shi. Na san za ki yi fushi, amma gara ki yi fushi da ni kina da rai.

Ki huta lafiya, ki mayar da wayar nan don Allah.

'Yarki mai ƙaunarki,
Kerryn

Moonta, watan Satumba

Kerryn,

Na gaishe ki, na gaida Gavin, na gaida bishiyar lemon ma.

"Mun yanke shawara," in ji ki. Ku wa? A kan wa? Na duba ambulan har sau biyu ko dai wasiƙar wata ce ta ɓato gidana.

Bari in gyara miki labarin, tunda Glenys ta ba ki shi a karkace kamar yadda ta saba. Ban faɗo daga kan keke ba. Tun kafin a haife ki nake hawa, ƙasa ba ta taɓa ganin bayana ba. Keken ne ya faɗo a kaina, kuma ba laifinsa ba ne. Kin san iskar tekun garin nan: ka bar sarƙa mako guda ba wanki, gishiri da yashi sun cinye ta. Da can nakan kifa keken a ciyawa in durƙusa in wanke. Tun da aka sa mini ƙarfen nan, durƙuso ya zama tarihi. Sai na yi abin da rabin mutanen Moonta ke yi, na rataye shi a ƙarfen shanya mai juyawa na tsakar gida. Na sunkuya zan tsoma buroshi a bokiti, iska ta taso daga teku ta juya ƙarfen, keken ya zagayo ta baya ya maka ni da ƙasa. Iyakar labarin ke nan.

Kin san ban taɓa koyon mota ba, babanki ne direban gidan. Da keken nan nake zuwa kanti, da coci, da gadar masu kamun kifi, da maƙabarta wurinsa. A ƙasa ni tsohuwa ce mai ɗingishi, ana matsa mini a layi ana ce mini sannu. A kan keke kwankwason ba ya ciwo ko kaɗan, kuma ba mai ce mini sannu, sai dai su kauce. Ranar da aka karɓe shi, zaman gidan nan ya gagare ni. Kin san haka, shi ya sa kika fara da shi.

Abin da nake bukata ba ɗaki ba ne. Mariƙin keke ne, ƙarfen nan mai ƙafafu da ake kafawa a ƙasa ya riƙe keke a sama daidai ƙirjin mutum, a wanke shi a tsaye. Na rubuta wa Kawunki Merv ya gaya mini wanda zan saya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wayar tana nan inda take. Ki gaida mutanen gidan.

Uwarki,
Noelene

Whyalla, watan Oktoba

Yaya Noelene,

Gaisuwa irin ta ƙani ga yayarsa wadda ƙarfen shanya ya kayar. Ya jiki? Na karanta wasiƙarki a rumfa, na yi dariya har kare ya tashi ya bar mini wurin. Daga baya kuma dariyar ta yanke, don na san da a kai ya same ki da yanzu wani zancen ake yi.

Da farko na so in haɗa miki shi da kaina, tunda hannun walda bai mutu ba. Sai na tuna teburin da na yi wa matata Raelene, wanda har yau yana inda aka fara ajiye shi saboda ba mai iya ɗaga shi. Je ki saya.

Kar ki kalli fenti, kalli ƙafafu. Su zama a buɗe sosai, yadda in kin jingina da shi ba zai bi ki ƙasa ba. Bakin da ke kama keken ya zama ƙarfe ne aka lulluɓe da roba. In duk roba ne, zafin rana na yini ɗaya a bazarar Janairu ya ishe shi, zai dare kamar biskit. Abin da ya fi komai a wurinki shi ne hannun ɗaurewa: wanda za ki ja sau ɗaya ya kama, ba wanda za ki yi ta murɗawa da hannu guda kina tallafe da keke da ɗayan ba. Ki kama keken ta ƙarfen sirdi, kuma ki fara kama shi yana ƙasa, sannan ki ɗaga.

Araha ba ta ado, amma kar su yaudare ki da na 'yan tsere, masu aske gashin ƙafa. Kekenki ya girmi wasunsu, ba ruwansa da yanga. Kafin ki biya, jijjiga shi a gabansu. In mai shago ya ɓata rai, ƙara jijjigawa.

Kerryn ta kira ni tana so in lallashe ki. Na ce mata ni tun ina ɗan shekara biyar na daina gwadawa. Amma ki rage mata zafi, Yaya. A tsorace take.

Raelene tana gaisuwa. Allah ya ƙara sauƙi.

Ƙaninki,
Merv

Moonta, watan Oktoba

Merv,

Na gaishe ka da Raelene da karen da ya fi ka hankali.

An cire filastar, hannun ya rame amma yana aiki. Glenys ta kai ni Kadina a motarta, don ta samu abin kai wa Kerryn. Mun shiga shagon kekuna, mai shagon wani mai gemu ya taso da murmushi.

"Sannu da zuwa, Iya. Jika za a saya wa?"

Na ce, "Kakar jikan za a saya wa."

Ya nuna mini wani mariƙi siriri mai sheƙi, ya ce shi ne mafi araha, kowa shi yake ɗauka. Na ce ya rataya keke a kai. Ya ɗauko wani mara nauyi wanda ko kaza za ta iya ɗauka. Na ce a'a, wancan na lungu mai kariya da kwando, irin nawa. Da ya rataya, na sa hannu na jijjiga kamar yadda ka ce. Merv, abin nan ya yi sujada. Keke da mariƙi suka tafi tare cikin jerin hulunan kwano, huluna suka bazu har bakin ƙofa. Glenys ta rufe fuska da jaka.

"Haba Iya! Ai ba haka ake yi ba!"

"Haka iskar Moonta take yi, kuma ita ba ta neman izini."

Sai ya jawo wani na ƙwararru ya faɗi kuɗinsa. Na tambaye shi ko da ɗakin kwana a ciki. Fansho nake ci, ba rijiyar mai gare ni ba. Ina cikin zagaye na hango wani baƙi a bayan kanta, fentinsa duk ya kankare, ƙafafunsa a buɗe kamar na mai jiran kokawa. Ya ce wannan na shagon ne, da shi suke aiki, sun yi odar sabo za su ajiye shi. Na ce a ɗora keken. Na jijjiga, ko gezau. Na jingina da dukan nauyina, ko gezau. Na ja hannun ɗaurewar da hannuna mai ciwo, ya ce ƙaras, ya kama. Akwai wani ɗan maɓalli a ƙasan bakin, sai ka danna shi yake saki, kuma in ba a nuna maka ba har abada ba za ka gano shi ba.

Muka yi ciniki, ya sallama yana share gumi. Da muke sa shi a mota ya ce wa Glenys a hankali, wai don kar in ji, "Wannan 'yar'uwarki ce? Allah ya ba ki haƙuri."

Na gwada shi a rumfa. Sarƙa tana daidai ƙirjina, ina juya feda da hannu taya na gudu a sama, ba sunkuyo ba durƙuso. Na tsaya ina kallo har sai da idona ya cika, don na ɗauka wannan aikin ya fita daga hannuna ke nan. Ranar Asabar zan kafa shi a ciyawar bakin titi in yi wankin a gaban kowa. Ruwan ya amfani bishiyar da ke wurin, Glenys kuma ta samu rahoto mai kyau.

Sai na ji daga gare ka.

Yayarka,
Noelene

Moonta, watan Nuwamba

Merv,

Gaisuwa a taƙaice, yau ba ni da ta tsokana.

In ka yi dariya, sai na zo har Whyalla. An ɗauke keken, da mariƙin, duka.

Na kafa shi a bakin titi kamar yadda na ce. Na wanke tayoyi, na goge sarƙa, masu wucewa suna ɗaga hannu. Sai ruwan ya huce, na shiga ɗora buta. Na tsaya na sha shayi, tunda gidana ne, titina ne. Da na fito, ba komai sai bokiti da buroshi.

Makon kwashe tarkace ne, Merv. Ni da aka haifa a garin nan, na manta. Ga tsohuwar katifa a ƙofar gidan Glenys, ga mataccen firji a ƙofar na gaba, duk titin an fito da kayan da ba a so, na gan su da idona amma kaina yana kan sarƙa. Kai ka san ƙa'ida: abin da ke kan ciyawar bakin titi a wannan makon na duk wanda ya tsaya ne. Mu ma da haka muka samu kujerun baranda. Tsohon keke a kan tsohon ƙarfe mai kankararren fenti, wa zai ce ba jefarwa aka yi ba?

Wata mata a ƙarshen layi ta ga abin da ya faru. Ta ce wani ne a farar a-kori-kura, ya yi ta fama ya cire keken daga bakin mariƙin ya kasa, har da sa ƙafa. Daga ƙarshe ya ɗauke su tare, a tsaye, ya ɗaure da igiya. Ko ba komai, ka ga ban yi zaɓen tumun dare ba.

Kerryn ta zo da ta ji. Ta rungume ni, ta ce, "Mama, wataƙila haka ya fi alheri." Na ce mata faɗuwa ta zo daidai da zama. Ta ce za ta zagaya ta tambaya, ta fita da mota, da yamma ta aiko Glenys ta ce mini ba a dace ba, ta wuce gida saboda aiki.

Yanzu da ƙafa nake zuwa kanti, da sanda, ina hutawa a kowane benci. Maƙabarta ta yi mini nisa, ban je kabarin mijina Alwyn ba tun ranar. Na san zan iya tara kuɗi in sayi wani, amma kekunan yanzu dogaye ne, ƙafata ba ta tsallaka su. Wancan shi ya san kwankwasona. Na manna sanarwa a gidan burodi da ƙofar coci, kuma duk farar a-kori-kurar da ta wuce sai na leƙa bayanta. Ban naɗe ko cokali ɗaya don komawa wurin Kerryn ba, kuma ba zan naɗe ba.

Ka gaida Raelene.

Yayarka,
Noelene

Adelaide, watan Nuwamba

Zuwa ga Kawu Merv,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kai da Anti Raelene kuna lafiya. Na zaɓi in rubuto ne saboda in na kira ka kuka zan yi, ba za ka gane abin da nake faɗa ba.

Kawu, keken Mama yana garejina.

Ranar da na je Moonta na same shi, ba a ma sha wahala ba. Kowa ya san masu yawon tarkace. Yana gidan wani dattijo a Wallaroo, Wally Kitto, tsaye a kan mariƙinsa a tsakanin tsofaffin injinan yankan ciyawa. Da na gaya masa na wace ce, sai ya dafe kai. "Matar Alwyn? Wayyo ni! 'Yata, ɗauki, ɗauki, ki ce mata ta yafe mini. Ki kuma tambayar mini ita yadda ake buɗe bakin shegen ƙarfen nan, ya kusa cire mini yatsa." Shi ya kwantar da kujerun motata ya tura su ciki a haɗe.

Na kamo hanya da niyyar kai mata. Na iso kwanar titinmu, na hango rufin rumfar da Baba ya faɗi. Kai ka san ranar. Ina wurin aiki waya ta yi ƙara, wata murya ta ce in zauna tukuna. Tun daga lokacin duk wayar da ta yi ƙara da rana sai in ɗauka irin wannan labarin ne. Manyan motocin hatsi sun fara bin hanyar maƙabarta, lokacin girbi ya zo, kuma Mama ba ta jin abin da ke tahowa ta bayanta. Ban karya kwanar ba. Na tsaya a gaba na kira Glenys, na wuce Adelaide.

In na mayar mata wani abu ya same ta, ni na miƙa mata da hannuna. In ta gaji da tafiyar ƙasa za ta yarda ta dawo wurina kafin Kirsimeti. Na san ba daidai ba ne, amma tsoro nake ji, kuma ban san yadda zan daina ba. Ina roƙonka kar ka gaya mata.

Ka huta lafiya.

'Yarka,
Kerryn

Whyalla, watan Nuwamba

Kerryn 'yata,

Na gaishe ki da Gavin. Na karanta, ban yi dariya ba.

Ba zan kai mata gulma ba. Amma in ta tambaye ni, ba zan yi mata ƙarya ba, ban taɓa iyawa ba.

Kin ce kina tsoron wayar rana. Nima ina tsoronta, yayata ce. Sai dai ki tuna babanki a gida ya faɗi, ba a titi ba, da kofin shayi a gefensa. Kuma uwarki yanzu tana kan titin nan dai, da sanda, cikin rana, a kan kwankwason da likita ya ce kar a wahalar. Ba ki cire ta daga hanya ba, ƙafafun kawai kika cire mata.

Wani abu kuma: Wally Kitto bakinsa ba ya rufuwa, kuma duk Juma'a a Moonta yake sayen burodi mai nama a ciki. Ki riga shi.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya.

Kawunki,
Merv

Moonta, watan Disamba

Kerryn,

Na gaishe ki da Gavin.

Na haɗu da Wally Kitto a gidan burodi. Ya cire hula a gaban mutane yana ba ni haƙuri, ya tambaye ni ko keken da ya ba ki ya iso lafiya. Na ce masa lafiya lau, don ba zan tozarta 'yata a layin burodi ba.

Na dawo gida na zauna na yi kuka, ba don keken ba. Na san abin da kike tsoro, ni na tarar da babanki a rumfar nan. Amma mutuwa ta san hanyar ɗakin bishiyar lemo kamar yadda ta san hanyar maƙabarta, kuma ni zan zaɓi inda za ta same ni.

Na yanki tikitin bas, ranar Alhamis ina tafe. Ba da akwati zan zo ba, hular kwano kawai zan riƙo. In kin sa mu a mota ni da keken da mariƙin kin dawo da mu Moonta, zan dafa miki shayi in nuna miki yadda ake wanke sarƙa. In ba za ki iya ba, ki buɗe mini gareji kawai. Na san hanyar gida, kuma duk inda dare ya yi mini akwai masauki.

Ki sa Gavin ya buga wa tayoyin iska.

Uwarki mai ƙaunarki,
Noelene